Sa Hannu a Gaban Injiniya

Tun da na dawo daga Dubai ƙawayena suka hana ni sakat. Wannan ta ce in ba ta labarin dogon benen nan mai tsokanar gajimare, waccan ta ce kasuwar zinare, Zainab kuwa kullum tambayarta ɗaya, wai da gaske ne babu ƙuda a garin? Benen na hango shi ta tagar bas, tsaye kamar allurar da tela ya manta a jikin shuɗin yadi. Kasuwar zinare na ratsa ta ne ina neman wurin alwala. Ƙuda kuwa akwai shi, Zainab, sai dai shi ma zafi ya ladabtar da shi. Abin da na ɗauko a raina daban ne, kuma duk sanda na fara ba da shi da baki sai dariya ta kayar da ni tun ban kai tsakiya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowacce ta karanta da kanta.

Yaya Maryam ce sanadin tafiyar. Tana aiki a wani kantin magani a can, mijinta Yaya Kabiru yana koyarwa a wata makaranta, kuma cikinta na fari ya tsufa. Umma ce ya kamata ta je zaman jego, amma likita ya hana ta doguwar tafiya saboda hawan jini. Sai ido ya dawo kaina, ni auta, da na gama jami'a ina zaune ina kallon gajimare kafin a kira ni hidimar ƙasa. A daminar 2018 ke nan.

Umma ta cika mini akwati da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kanwa da yajin jego, har kayan sawata suka zama 'yan rakiya. A samansu duka akwai ƙullin acha da Yaya ta yi ta nanatawa a waya.

"Mu dai ba a san gidanmu da acha ba," in ji Umma tana danna akwatin da gwiwa. "Ko kwaɗayin masu ciki ne?"

"Ta ce ta wata ƙawarta ce."

"To Allah ya sa mai ita ta san yadda jirgi ke auna kaya."

A jirgi na samu kujera kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa, wadda hanyar Dubai ta zame mata kamar hanyar kasuwar Kwari. Tun ba mu tashi ba ta cire takalmi ta fara yi mini karatu.

"Yarinya, kalma uku za ki riƙe. Yalla ta tafiya, khalas ta rabuwa, shwaiya-shwaiya ta haƙuri. Sauran Larabcin na malamai ne."

Mun yada zango a Addis Ababa, inda sanyi ya sa na lulluɓa da dardumar salla, Hajiya kuma ta yi barcinta a kan jakunkunanta kamar kaza a kan ƙwai.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba game da ni. Tun ina sakandare nake gyara sa hannuna a bayan littattafai, ina lanƙwasa nan ina jan jela can, har ya zama kamar tsuntsuwa mai shirin tashi. Na daɗe ina jiran ranar da wata ƙasa za ta nemi in sakar mata tsuntsuwata. Da muka sauka Dubai na shiga layi da alƙalamina a hannu. Jami'in yana sanye da farar jallabiya tas, kamar mai shirin zuwa idi. Ya karɓi fasfo, ya nuna mini wani ɗan gilashi, ya ce in kalla. Na kalla, gilashin ma ya kalle ni, shi ke nan. Ashe a ƙasar nan ido ne ke sa hannu. Na mayar da alƙalamina jaka da 'yar kunya.

A wurin duba kaya aka ware akwatina. Wani jami'i ya ɗaga ledar kuka ya duba ta a haske, koren gari ba suna ba lamba, ya dube ni. Duk Turancin da na karanta ya gudu ya bar ni. Sai ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Hajiya ta taso daga bayana.

"Habibi, shorba ce, shorba. Miya."

Mutumin ya ɗaure ledar da sauri, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Khalas. Yalla." Kalma biyu cikin ukun a numfashi guda. Ta ukun kuwa a bakin ƙofa na koye ta, da iskar waje ta doke ni kamar na buɗe tukunyar dambu na leƙa.

Su Yaya suna zaune a International City, unguwar benaye masu kama da juna, kusa da wata ƙatuwar kasuwar 'yan Sin da ta miƙe kamar mesa. Kowane rukunin gidaje an ba shi sunan wata ƙasa. Mu a Maroko muke kwana, a Faransa muke sayen burodi, mai wanki yana Ingila. Ranar da na ɓata na kira Yaya ina shirin kuka, ta ce in karanta abin da ke rubuce a bango, na ce mata ga alama na shiga Rasha. Ta ce in tsaya a nan kada in ƙara gaba, ba ni da biza.

Ranar Juma'ar farko aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Na buɗe na ga wata mata mai jiki, ta kai shekarun Umma, ta sha ɗaurin ɗankwali mai tsini, da Littafi Mai Tsarki a hammata.

"Ke ce Auta? Ina achata?"

Anti Rifkatu ke nan, mutuniyar kudancin Kaduna, mai gyaran ɗakuna a wani otal. Sayen maganin ɗigon ido ne ya haɗa ta da Yaya, tun daga nan kuma ta ɗauki cikin Yaya kamar ita aka ba ajiyarsa. Ta rungume ƙullin achar ta shaƙa. Na tambaye ta daga ina da wannan ado, ta ce daga coci.

"Anti, yau fa Juma'a ce."

"Auta, a garin nan Lahadi ma aiki take zuwa. Ku ku yi masallaci, mu mu yi coci, mu haɗu a tashar bas."

A ranar na ji maganar da ta cinye sauran zamana. 'Yan Arewa da ke can suna da ƙungiyar zumunci, wadda wasu 'yan boko suka kafa, suka rubuta mata tsarin mulki da Hausa tsantsa. Babban amfaninta jinya ne. In ɗan ƙungiya ya kwanta asibiti, ana raba kwanaki, kowa ya san ranarsa, ya nemi hutu a wurin aiki ya zo ya zauna da shi. Sai dai tsarin ya ce 'yan ƙungiya su ne ma'aikatan ofis da ɗalibai. Anti Rifkatu ta yi shekaru tana dafa musu abincin taro, amma ba ta da ofis, ba ta da aji. Ga shi an sa mata ranar aikin yanar ido, ɗaya idon ma ba ƙarfi gare shi ba, kuma ranar za ta zo Yaya tana cikin jego, ni bizata ta ƙare.

Yaya ta rubuta gyara mai layi ɗaya: duk ɗan Arewa mazaunin Dubai ɗan ƙungiya ne in yana so. A dokarsu, in kashi ɗaya bisa uku na 'yan ƙungiya suka sa hannu, dole a kawo magana gaban taro a kaɗa ƙuri'a. Yaya ba ta iya hawa bas, don haka aka miƙa mini takarda.

"Amma ki ji," in ji Yaya Kabiru, "nan ba gida ba ne da za ki tsaya bakin titi da takarda kina tara jama'a. Gida-gida za ku bi, da sallama, kamar masu kai cingam ɗin biki."

Haka na ga Dubai, ba ta saman bene ba, ta ƙofofin mutane. Duk ranar hutun Anti sai mu fita. Jirgin ƙasansu ba shi da direba. Na je can gaba na leƙa ina nemansa, babu kowa sai wani jariri ɗan Indiya da ya manna hanci a gilashi, shi ma da alama nemansa yake. Akwai taragon mata zalla, kuma ba a cin komai a ciki. Na ɗauko dabino zan kai baki Anti ta buge mini hannu.

"Nan ko yawu a hankali ake haɗiya."

A Muraƙƙabat, cikin Deira, gida ɗaya sai a yanka shi da labule da katako, mutum da yawa su raba. Wani ɗalibi ya yi mana sa hannun da ya fi ɗakinsa faɗi. Wata nas da ta dawo daga diyuti ta sa hannu ido a rufe, sai da muka kai bakin ƙofa ta ce, "Af, na mene ne?" Wani akanta ya sa aka kawo mana shayi, ya karanta layi ɗayan nan har shayin ya huce, sannan ya ce zai yi shawara. Anti ta ce masa, "Oga, ka yi shawara da cikinka, ya san ni." Ya sa hannu.

A Al Kuz babu ado, sai rumbunan ajiye kaya da kwantenoni da motocin ɗaukar ma'aikata. A can Anti take kwana, a gado mai hawa biyu, ita da wata 'yar Filifin da 'yan Uganda biyu, duk sun iya cewa "sannu da aiki." A bakin taga ta shuka yakuwa a gwangwanin madara, ganye huɗu ko biyar, tana yi musu magana kamar jikoki. Wani jami'in kamfanin jigilar kaya da muka samu a unguwar ya ɗora takardar a kan kwali ya sa hannu tun ban gama bayani ba, ya ce kunun Anti ne ya tashe shi lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi.

A bas, kan hanyar komawa, na tambaye ta abin da ke cina.

"Anti, ai ko ba ƙungiya mutanen nan za su zo miki."

Ta juyo daga taga ta dube ni.

"Bara na kwanta asibiti, Auta, tun ban san Yayarki ba. Gadon dama da baƙi, gadon hagu da baƙi. Nas ta tambaye ni ina dangina, na ce suna hanya. Washegari ta sake tambaya, na ce suna hanya. Har aka sallame ni suna hanya. Ba mugunta ba ce, kowa ya ɗauka wani ya je. Ni ba tausayi nake nema ba. So nake ranar da aka naɗe mini ido, a ce yau ranar wane ce, ya zo ya riƙe mini hannu in sauka daga bas."

Na miƙa mata dabinon da ta hana ni ci. Ta ce nan ma ba a ci, ta sa a jaka.

Da hannaye suka cika, Yaya Kabiru ya kai mu gidan shugaban ƙungiya, Injiniya Tukur. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai faffaɗan falo da faffaɗan hannu, kowa ya shaida. Bazazzagi ne kuma, mu kuwa Kanawa, don haka tun daga bakin ƙofa ya fara tsokana, yana ƙwala wa matarsa kira.

"Hajiya, fito ki gani, bayina Kanawa sun zo gaisuwa."

"Baba Injiniya, mun zo duba talakawanmu ne, mu ga ko suna cin abinci."

"Ji bakin Bakanuwa. Shigo, shigo."

Ya sa tabarau ya duba takardar, ya yaba tsabtarta, sannan ya ajiye a hankali.

"Sai dai kun makara. An gyara sashen gyara."

"An gyara me?"

"Sashen da ya faɗi yadda ake gyara. A taron da ya wuce, Maryam ba ta zo ba. Yanzu sai kashi biyu bisa uku na 'yan ƙungiya sun sa hannu, a gaban shugaba, a zama ɗaya."

Ya ga fuskata ta canza, sai ya gyara zama.

"Ki ji dalili. Bara wani yaro ya tara hotunan babban yatsa a zauren hirar ƙungiya na waya, ya ce sa hannu ne, aka mayar da abincin taro shawarma. Wata bai zagayo ba wasu suka tara nasu yatsun, aka dawo da shinkafa. Tsarin mulki ba zanen gado ba ne da za a riƙa sauyawa duk mako. A Amurka inda na yi karatu, akwai jihohin da jama'a ke tara sa hannu su kawo gyara ga tsarin mulkin jiha, kuma can ma masu hankali na cewa a ɗaga adadin."

Kimiyyar siyasa na karanta, kuma mun taɓa wannan darasin. Na ce, cikin ladabi, malaminmu ya ce masu son a ɗaga ɗin galibi su ne ke kan kujera. Na tambaye shi su da suka kawo wannan sabon gyaran, mutum nawa suka sa musu hannu.

"Shugabanni ba sa buƙata. Ƙofarmu daban."

"Ashe ƙofar talakawa kaɗai aka ƙara wa sakata."

Ya yi dariya har hularsa ta goce, sannan ya dubi Anti, muryarsa ta sauka.

"Rifkatu, wallahi ban ƙi ki ba. Tsorona in an buɗe ƙofa jinya ta fi ƙarfinmu, a wayi gari ba mai zuwa wa kowa. In da gaske mutane sun yarda za su ɗauka, su zo gabana su nuna."

A mota Yaya Kabiru ya ce tun da aka kafa ƙungiyar kashi biyu bisa uku ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Wannan yana diyutin dare, wancan cunkoson hanyar garin Sharja ya riƙe shi. Anti ta ninke takardar ta miƙo mini.

"Khalas, Auta. Ubangiji ya san inda nake kwana."

Maganar ta mutu a nan, ko in ce haka na ɗauka, domin ba a jima ba Yaya ta sauka lafiya, mace, mai gashi kamar audugar rimi, komai kuma ya fita daga kaina sai ita. Wankan jego a Dubai ba ya son itace. Rana ce ke dafa tankin da ke saman bene, famfon sanyi ya fi na zafi zafi. Umma ta turo saƙon murya tana tambaya ko ruwan na tafasa sosai, na ce mata ƙasar gaba ɗaya jego take yi. Ragon suna ma ban ji kukansa ba. A mayanka aka yanka shi, ya iso gida a ledoji, kamar wanda ya yi tafiya ya dawo da tsaraba ba shi.

Allah ya sa sunan ya faɗo ranar Juma'a. Gidan su Yaya ba zai ɗauki mutane ba, sai Injiniya ya ce a yi walima a falonsa. Anti ta ɗauki hutu, ta kwance ƙullin acharta da ta yi ta tattali, ta tuƙa tuwon acha da miyar karkashi da ta taushe, ga masa, ga naman suna. Labarin tuwon ya zaga waya tun kafin a sauke tukunya. Bayan an sauko daga masallaci da coci mutane suka fara shigowa. Mai diyutin dare ya zo da jan ido, na Sharja ya zo da gumi, akantan nan ya zo ba tare da ya yi shawara ba. Falo ya cika, maza a gefe, mata a gefe, wasu a tsaye.

Ina ɗauke da tire Yaya ta kira ni ɗakin da take shayarwa. Ta yi ƙasa da murya, jaririya tana kuka a tsakaninmu.

"Abin yana cikin kwandon cokula. Ki tabbata kowa ya sa hannu. Kowa, kin ji? Kuma a gaban Injiniya."

Ku yi mini adalci, ƙawayena. Ga tuwo a hannuna yana tururi, ga kwanaki ban yi barcin kirki ba, ga shi tun ina yarinya in aka ajiye kwano aka ce "sa hannu" abu ɗaya ake nufi. Na ce a raina, Yaya tana so Injiniya ya ga yadda ake son girkin Anti. Tunda kuwa hannu ake so a sa, me za a yi da cokula? Na tura kwandon ƙarƙashin tebur a kicin.

Na jera tirarrukan duka a tsakiyar falo, daidai ƙafafun Injiniya. Na zaga da buta da roba kowa ya wanke hannu. Mai jin kunya na ja shi, mai cewa ya ƙoshi na ce masa umarnin mai jego ne. Nas ɗin nan ta ce a ba ta cokali saboda farce, na ce babu. Injiniya ya laluba aljihu kamar zai samu cokali mai yatsu a ciki.

"Bakanuwa, haka kuke yi wa manya a garinku?"

"Baba Injiniya, tuwon acha ba ya jin Turanci. Sai an sa hannu."

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya gutsura. Ya lumshe ido. Ya sake gutsura. Falon ya koma ba ka jin komai sai karkashi yana ja.

Ana tsakiyar haka Yaya ta fito a hankali, da jaririya a kafaɗa, ta yafito ni da ido.

"Sun sa?"

"Kowa ya sa," na ce da ƙarfina, don ina alfahari da aikina. "A gabansa kuwa. Shi ma ya sa, har ya ƙara."

Idon Yaya ya ciko. Ta juya ta fuskanci falon.

"Baba Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ban zaci kai ma za ka sa wa gyaran nan hannu ba."

Injiniya ya tsaya da loma a iska, miya tana zarya tsakanin yatsunsa da kwano.

"Wane gyara?"

Yaya ta dube ni. "Ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Ta cikin kwandon cokula."

Yaya Kabiru ne ya fara ganewa. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Daga shi ta kama na kusa da shi, ta zaga falon kamar wutar kara, har akanta ya ƙware aka ba shi ruwa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage, ko Rasha ce in koma in ɓata.

Da aka lafa Yaya Kabiru ya share hawaye ya ce, "Ranka ya daɗe, a karanta mana sashen dai, mu ji."

Injiniya ba ya buƙatar littafi, shi ya tsara shi. Ya karanto da ka, da muryar taro: "Sai kashi biyu bisa uku na 'yan ƙungiya sun sa hannu, a gaban shugaba, a zama ɗaya."

"Sun sa hannu a me?" in ji nas.

Ya sosa gemu da bayan hannu.

"Kuma kai ka ce Hausar ita ce doka, ba fassarar Turanci ba," in ji ɗalibin nan mai faɗin sa hannu. "Ga kashi biyu bisa uku har da ɗoriya, ga shugaba, ga zama ɗaya. Hannu kuwa ga shaida tana ɗiga."

Aka sake fashewa. Wasu suka fara cewa magana ta ƙare, doka ta cika. Sai muka ji murya daga ƙofar kicin. Anti Rifkatu ce, da muciya a hannu, ba dariya a fuskarta.

"Oga Injiniya, ni ban dafa don wannan ba. Don jaririya na dafa. In za ku karɓe ni, ku karɓe ni ta ƙofa. Ba na so in shigo ta taga, gobe wanda aka ba ranata ya zo yana jin an yi masa wayo."

Injiniya ya dubi hannunsa, ya dubi mutanen da suka cika masa gida har bakin ƙofa.

"Tuwo ba takarda ba ne," ya ce a ƙarshe. "Bazazzagi ba zai bari a ce Bakanuwa ta ci shi da miya ba. Amma na ce su zo gabana su nuna, ga su sun zo. Auta, ɗauko cokulan nan."

Na ɗauko kwandon, ga takarda kwance a ƙasa, sabuwa fil, da alƙalami. Ta zaga falon hannu zuwa hannu, a gabansa. Duk wankin da aka yi, kafin ta dawo ta sha mai har ana hango haske ta cikinta. Injiniya ya ce shugaba ba ya sa hannu, alƙali ne. Amma da ya karɓa ya ƙirga ya ajiye, sai ga zanen babban yatsansa a gefe, ja wur da manja, ya fi na kowa fitowa. Nas ta yi wani ɗan tari.

Tunda taro ya cika, a nan aka kaɗa ƙuri'a. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na tsaya a bango ina kallon hannayen nan suna tashi, masu sheƙi, masu ƙanshin daddawar Umma, kamar gonar da ta ji ruwan farko. Biyu ko uku ba su ɗaga ba, kuma ba a harare su ba. Anti ta juya ta koma kicin, ta ce albasa ce.

Yaya ba ta san ta ci ta tsaya ba. Ta ce saura a dawo da adadin sa hannu yadda yake a da, domin ba kullum ake samun taro irin wannan ba.

"Ƙofa a buɗe take," in ji Injiniya yana jawo tiren masa. "Ki tara kashi biyu bisa uku a gabana, a zama ɗaya."

"Baba, yaushe za su sake taruwa haka?"

"Sai ki sake haihuwa."

Har na baro ƙasar ba a warware wannan ba, kuma na ji har yanzu ana ja. Tsuntsuwata ma ban samu inda na sake ta ba, domin ni ba 'yar ƙungiya ba ce, a filin jirgi kuma ido suka sake nema.

Ina gida da 'yan makonni saƙon muryar Anti ya shigo. Na kunna a tsakar gida, Umma tana kwashe tuwo.

"Auta, an yi aiki, an gode Ubangiji. Ki gaya wa Yayarki ta yi wa mutanen nan magana, gata ya yi mini yawa. Ranar farko ta Oga Injiniya ce, ya hana ni hawa bas, ya zo da mota da Hajiyarsa. Ita ta riƙe hannun dama, shi yana gaba yana karanta mini matakala kamar sashen doka. Nas ɗin bara ta gane ni, ta ce dangin naki sun iso? Na ce sun iso, hanyar ce da nisa."

Na saurara har sau biyu. Umma ta turo mini kwano gabana, ta ga ina kallonsa ban taɓa ba.

"Ke kuma lafiya? Sa hannu mana."

Na ce, "Umma, a fara gaya mini abin da nake amincewa da shi."